Yadda Za Ka Yi wa Fim ɗin Ɗaukar Fansa Hukunci Idan Zuciyarka Ta Rabu Biyu

Akwai wani hali da mai kallon fim kan tsinci kansa a ciki wanda ba kasafai ake maganarsa ba. An yabi darakta, an ba shi lambobin girma, abokanka na majalisa sun cika maka kunne da labarin fim ɗinsa tun kafin ka gani, sai ka zauna ka kalla daga farko har ƙarshe, ka tashi ba ka san abin da za ka ce ba, domin wani ɓangare na zuciyarka ya gamsu matuƙa, ɗayan kuma yana jin kamar an yi masa wayo. Yawancinmu a nan mukan ɗauki hanya mai sauƙi, ko dai mu bi Yarima mu sha kiɗa mu ce fim ya yi, ko kuma mu kushe shi gaba ɗaya don a san muna da ra'ayin kanmu. Wannan bayani na wanda yake son ya gano ainihin inda fim ya kama shi da inda ya sake shi ne, sannan ya iya faɗin duka biyun a gaban mutane ba tare da kame-kame ba.

Zan yi amfani da fim guda ɗaya a matsayin misali, wato Django Unchained na Quentin Tarantino, wanda ya fito a watan Disamba na 2012, kuma zan ambaci ƙarshensa, saboda haka wanda bai gani ba ya sani tun yanzu. Na fara kallonsa ne a ɗakin wani ƙanena a unguwar Nima da ke Accra, mu kusan goma, ana ta zuba ataya. Samarin da ke wurin sun yi ta ihu da tafi duk lokacin da Django, 'yantaccen bawan da yake jarumin fim ɗin, ya zaro bindiga, amma wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi zamanin silimar Dunia da Orion kuma ya san finafinan kaboyi fiye da mu duka, ya yi shiru tun daga tsakiyar fim ɗin har aka gama. Ni kuwa na kasance tsakaninsu, na yi tafi a wasu wuraren, na sunkuyar da kai a wasu, kuma na ɗauki kwanaki kafin na san dalili.

Tun kafin ka kunna fim ɗin

Ka nemi sanin halin daraktan, amma ka ajiye lambobinsa a gefe. Sanin hali yana hana ka yi wa mutum hukunci a kan abin da bai yi niyya ba. Tarantino mutum ne da ya taso cikin tsofaffin finafinai, yana ɗauko salonsu ya ɗora a kan sabon labari, kuma sunan Django kansa ya aro shi ne daga wani fim ɗin kaboyi na Italiya na 1966 wanda Sergio Corbucci ya shirya, har ma jarumin wancan fim ɗin, Franco Nero, ya ɗan fito a wannan. Wanda ya san haka ba zai zauna yana jiran darasin tarihi ba, zai san cewa an ɗauko tsarin kaboyi ne aka kai shi kudancin Amurka na zamanin bauta, a shekarar 1858. Lambobi kuwa, irin su babbar lambar bikin Cannes da ya samu a 1994, ko Oscar biyu da wannan fim ya ci, ɗaya ta rubutun labari ɗaya ta ɗan wasa Christoph Waltz, suna gaya maka abin da wasu mutane a wata ƙasa suka gani ne. Yabon gwani ya zama dole, amma ka bari sai ka ga aikin da idonka.

Sannan ka gyara yanayin kallon. Fim ɗin minti 165 ne, kuma rabinsa magana ce, don haka guntayen da ake yaɗawa a TikTok, waɗanda kusan dukkansu harbe-harbe ne, za su ba ka hoton da ba shi ne ba. Ka samu cikakke, ka kunna rubutun ƙasan allo, domin Turancin kudancin Amurka da ake yi a ciki yana da wuyar kamawa ko ga wanda ya yi makaranta sosai. Ka tabbatar yara sun kwanta.

Lokacin kallo, abin da ya fi amfani shi ne ka lura da jikinka, domin jiki yakan riga tunani yanke hukunci. Ka riƙe takarda ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka, ka rubuta minti nawa ne duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya faru: ka yi dariya, ka kawar da kai, ka ji daɗin mutuwar wani, ko hankalinka ya tafi wani wuri har ka fara duba saƙonni. Kada ka rubuta dalili a lokacin. Idan an gama, ka kwana a kan maganar kafin ka ce komai, musamman idan a cikin taro ka kalla, saboda ihun majalisa yana shiga jikin mutum har ya ɗauka nasa ne. Bayan kwana biyu ko uku ka sake kallon wuraren da ka yi wa alama kai kaɗai. A nan ne za ka ga cewa wasu fitowar da ka yi wa tafi sun yi sanyi da babu taro, wasu kuma da ka wuce su cikin hayaniya sun fi komai nauyi.

Raba gwaninta da abin da aka yi da ita

Rabuwar zuciya yawanci tana zuwa ne daga cakuɗa tambayoyi biyu, wato shin mutumin nan ya iya aikinsa, da kuma shin na yarda da abin da ya yi da iyawar tasa. Ka amsa ta farko ita kaɗai, kuma ka amsa da gaskiya ko da ranka bai so ba. A wannan fim amsar a fili take. Fitowar teburin cin abinci a gidan mai gandun bayi Calvin Candie, inda Django da abokin tafiyarsa Dakta Schultz suke ɓoye cewa matar Django suka zo fansa, tsohon bawan gida Stephen kuma yana bin fuskokinsu da ido har ya gano su, aiki ne na wanda ya san yadda ake ɗaure mai kallo da magana kaɗai, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Haka nan fitowar da Django ya shiga gari a kan doki, fararen fata da bayi duk suka tsaya suna kallonsa, ta bayyana yanayin wurin fiye da yadda dogon jawabi zai yi. Idan ka rubuta waɗannan a fili, ka sauke wa kanka nauyi, domin duk sukar da za ta biyo baya ba za a ce ta rashin fahimta ba ce.

A ƙarƙashin gwaninta kuma akwai tsari, kuma nan ne alamun da ka yi na gajiya za su yi maka amfani. Nawa alamun sun taru ne bayan Schultz ya harbe Candie, aka kashe shi shi ma, aka yi babban ɓarin wuta a cikin gidan. A nan labarin ya kai ƙololuwa, amma sai aka kama Django, aka tura shi wurin haƙar ma'adinai, ya yaudari masu rakiyarsa, cikinsu har da daraktan kansa da ya fito da harshen mutanen Ostareliya, sannan ya dawo aka sake wani ɓarin wutar. An hau dutse ɗaya sau biyu ke nan, kuma hawa na biyu bai kai na farko ba. Wannan shi ne fim na farko da Tarantino ya yi bayan rasuwar Sally Menke a 2010, matar da ta yanke ta kuma jera hotunan dukkan finafinansa na baya. Irin wannan bayani yana da kyau ka sani, amma ka ambace shi a matsayin abin lura kawai, kada ka mayar da shi hujjar da ta gama magana.

Lissafin bashi

Wannan ne sashen da ya fi muhimmanci, kuma shi ne ya keɓanta da finafinan ɗaukar fansa. Kowane irin wannan fim labarin bashi ne. A farko ana nuna maka zalunci don ka ji an ci bashi, a ƙarshe kuma ana nuna maka biya don ka ji sanyi a rai. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma a kan wannan zafin ne duk sana'ar ta dogara. Saboda haka ka zauna ka yi lissafin kamar yadda ɗan kasuwa yake yi da littafinsa: wa aka zalunta, wa ya yi zaluncin, wa ya karɓo bashin, nawa aka karɓa, kuma akwai wanda aka sa ya biya alhali ba shi ya ci ba.

Da na yi wannan lissafin sai na ga inda zuciyata ta tsage. Babban azzalumin labarin shi ne Candie, mai gandu, wanda ya sa karnuka suka yayyaga wani bawa mai suna D'Artagnan a gaban jama'a, kuma shi ke riƙe da Broomhilda matar Django. Amma ba Django ne ya kashe shi ba. Schultz ne, Bajamushen likitan haƙori da ya koma farautar masu laifi don lada, kuma ya yi hakan ne bayan an riga an biya dala 12,000 an rubuta takardar 'yancin matar, don kawai ya kasa jure musafaha da mutumin. Wato bashin da ya fi girma farar fata ne ya karɓo shi, kuma ya karɓo shi ta hanyar da ta jefa ma'auratan cikin halaka. Wanda aka ajiye wa Django zuwa ƙarshe, ya harbe masa gwiwoyi ya bar shi cikin gidan da ya tarwatsa da nakiya, shi ne Stephen, tsoho, bawa kamarsa. Stephen mugu ne, kuma Samuel L. Jackson ya fito da muguntarsa yadda take ba da tsoro, amma mutum ne da aka haifa cikin wannan gandu ya tsufa a ciki. Fim ɗin da ya ce a kan bauta yake, sannan ya sa mafi zafin hukuncinsa ya sauka a kan bawa, ya cancanci a tambaye shi dalili.

Mu da muka taso a makarantar allo muna da ma'auni a hannu, kuma babu laifi mu yi amfani da shi, muddin mun yi da ilimi. Alƙur'ani ya ba wa waliyyin wanda aka kashe da zalunci iko, amma a wannan aya ta 33 ta Suratul Isra'i ya hana shi wuce iyaka wajen kisa. Aya ta 40 ta Suratush Shura ta ce sakamakon cuta shi ne cuta irinta, kuma wanda ya yafe ya gyara ladansa yana wurin Allah. Malamai kuma sun bayyana cewa ƙisasi aikin hukuma ne, ba na kowa da bindigarsa ba. Da wannan ma'aunin za ka iya tambaya, misali, ko kisan Lara, 'yar'uwar Candie, wadda aka harba ta yi sama ta faɗa wani ɗaki don a ba mai kallo dariya, yana cikin lissafi ko ya wuce shi. Sai dai adalci ya buƙaci ka ɗora ɗaya gefen a kan sikeli. A 1857, shekara ɗaya kafin lokacin da labarin ya fara, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Mutum irin Django ba shi da alƙalin da zai kai wa kuka, hukumar kanta ita ce ke tsare wa azzalumi dukiyarsa, kuma dukiyar ita ce matarsa. Wanda ya ce da ya yi haƙuri ya kai ƙara bai fahimci wurin ba. Idan ka riƙe waɗannan biyun tare, za ka ga cewa rabuwar zuciyarka tana da tushe, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Daga nan ka duba yadda aka ɗauki jinin kowa. A wannan fim akwai zubar da jini iri biyu, kuma an bambanta su da gangan. Azabar da ake yi wa bayi, ta bulala da karnuka da akwatin ƙarfen da aka kulle Broomhilda a cikin rana, an ɗauke ta da nauyi, babu wasa a ciki, kuma nan ne na rubuta cewa na kawar da kai. Kisan fararen fata kuwa an mayar da shi kamar wasan wuta, jini yana tashi sama har ya wuce hankali, kiɗa yana tashi tare da shi. Wasu za su ce wannan hikima ce, domin an girmama wahalar wanda aka zalunta, an kuma wulaƙanta azzalumi. Ni na yarda da rabin maganar. Abin da ya dame ni shi ne saurin da ake ɗauke mutum daga iri na farko zuwa na biyu, har ka ji kamar an nuna maka karnukan ne don a saya maka izinin yin tafi daga baya. Ka tambayi kanka wannan a kowane fim na fansa: wahalar da aka nuna min, don in san ta aka nuna, ko don a kunna ni.

Ka kuma ƙidaya waɗanda ba a ba su baki ba. Broomhilda ita ce dalilin tafiyar gaba ɗaya, mace ce da ta yi ta yunƙurin gudu, tana jin Jamusanci, amma maganganunta a fim na kusan awa uku ba su taka kara sun karya ba, yawancin lokaci ana nuna ta ne tana kuka, ko tana jira. Sauran bayin gandun kuma kusan duk 'yan kallo ne.

Inda ya kamata ka buɗe littafin tarihi

Ba kowane kuskuren tarihi ne ya cancanci ɓata lokaci ba. Alfred Nobel ya yi rajistar nakiyar dinamait a 1867, shekaru bayan lokacin labarin, amma wannan ƙaramin abu ne a fim ɗin da bai ɓoye cewa tatsuniyar kaboyi yake yi ba, kuma wanda ya tsaya a nan ya bar jaki yana dukan taiki. Abin da za ka bincika shi ne iƙirarin da fim ya gina ma'anarsa a kai. A teburin nan Candie ya fito da ƙoƙon kan wani tsohon bawa, ya tambaya me ya sa bayi ba sa kashe iyayengijinsu, ya kuma amsa da ƙaryar cewa an halicce su da biyayya, tun kafin nan kuma ya ce sai dai a samu ɗaya cikin dubu goma da ya fita daban. Maganar mugu ce, kuma an sa ta a bakinsa don a ƙi ta. Amma a ƙarshe Django da kansa ya karɓi kirarin, ya ce shi ne ɗayan nan, kuma babu inda fim ɗin ya nuna wani bawa ya tashi tare da shi.

A nan mazaunin Ghana yana da abin faɗa wanda mai sharhi na wata ƙasa ba lallai ya tuna ba. Tawayen Tacky na 1760 a Jamaika mutanen da aka kwasa daga wannan gaɓar teku tamu ne suka jagorance shi. Bayin Haiti sun tashi a 1791 har suka kafa ƙasarsu a 1804. Nat Turner ya yi nasa a Virginia a 1831. A Bahia ta ƙasar Brazil bayi Hausawa sun yi yunƙurin tawaye tun a 1807, sannan a 1835 Musulmin birnin suka yi babban boren da aka sani da na Male, kuma a shekarun da suka biyo baya ne wasu 'yantattu daga Brazil suka sauka a Accra, su ne kakannin mutanen da ake kira Tabom, waɗanda gidansu na Brazil House yake Jamestown har yau. Tambayar Candie tana da amsa, amsar kuma taron mutane ce masu yawa da suka shirya tare, da yawansu ba a san sunayensu ba. Salon kaboyi, wanda dole sai jarumi ɗaya tilo a kan doki, ba shi da wurin ajiye wannan amsar, kuma a ganina wannan ne babban abin da daraktan ya rasa da ya zaɓi salon.

Sai dai mu ma kada mu yi sharhi kamar hannunmu a wanke yake. Duk wanda ya san tarihin zango ya san cewa Salaga, inda fataken Hausa suka yi cinikin goro a ƙarni na 19 kafin yaƙin 1892 ya watsa su zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, babbar kasuwar bayi ce kuma. A cikin kakanninmu akwai wanda aka sayar, akwai wanda ya saya. Na yi imani wannan yana cikin abin da ya sa dattijon nan ya yi shiru a ɗakin ƙanena, kuma mai kallon da ya tuna da shi ba zai yi saurin ɗaukar kansa a matsayin Django ba. Idan kana son abin gwadawa, ka nemi Sankofa na Haile Gerima, na 1993, wanda aka ɗauki wani sashensa a kurkukun bayi na Cape Coast, ka ga yadda wani daraktan ya ba da labarin tawaye a matsayin aikin jama'a. Kallon biyun a mako guda zai nuna maka abin da kowannensu ya iya da abin da ya kasa.

Yadda za ka faɗi ra'ayin

Kada ka tara yabo da suka ka raba biyu ka ce fim ɗin matsakaici ne, ko ka ba shi biyar cikin goma ka tashi. Wannan ƙarya ce, domin babu minti ɗaya a cikinsa da ka ji matsakaicin abu, ka ji daɗi ƙwarai a wani wuri, ka ji ɗaci ƙwarai a wani. Ka faɗi kowanne da ƙarfinsa, kuma ka ɗaura kowace magana a kan fitowa takamaimai. Maimakon ka ce ƙarshen bai yi ba, ka ce bayan mutuwar Schultz an maimaita faɗan da aka riga aka yi, kuma hukunci mafi zafi ya faɗa kan Stephen. Wanda ke saurarenka yana iya ƙin yarda, amma zai san inda zai koma ya duba. Ka fara da abin da ya burge ka, saboda a majalisa idan ka buɗe da suka, masoyan fim ɗin sun daina ji tun daga jimla ta farko.

Za a ce maka, kai wane ne da za ka gyara wa wanda ya ci Oscar. Amsar ita ce ba ka ce za ka iya shirya fim ba, kana bayar da shaidar abin da ka gani ne, kuma mai cin tuwo ba sai ya iya tuƙi ba kafin ya san akwai gudaji. Kana iya ƙarawa da cewa Spike Lee, wanda shi ma babban darakta ne kuma baƙar fata ɗan Amurka, ya fito fili ya ce ba zai kalli fim ɗin ba domin yana ganin rashin girmamawa ne ga kakanninsa, yayin da manyan 'yan wasa baƙaƙen fata irin su Jamie Foxx da Kerry Washington suka amince suka fito a ciki. Saɓanin ya riga ka zuwa, kuma yana tsakanin waɗanda abin ya shafa kai tsaye. Amma kada ka ɓuya a bayan sunan kowa, domin wanda ya ƙi kallo matsayinsa daban ne da naka, kai da ka kalla sau biyu.

Idan akwai babba a wurin, ka nemi nasa ra'ayin kafin ka shimfiɗa naka. Da na je gaishe da dattijon nan bayan kwanaki, na ce masa, Baba, ran nan na ga ka yi shiru, ko fim ɗin bai yi maka ba ne. Ya ce fim ɗin ya yi, mai shi ya san aikinsa, amma shi tun daga wurin karnukan bai ƙara jin kiɗan ba, kuma ya yi mamakin yadda muka iya komawa dariya da wuri haka. Wannan magana ta fi duk abin da na rubuta a takardata kai wa ga inda matsalar take, kuma da na riga shi magana da ban ji ta ba.

Abu na ƙarshe da ake jira daga gare ka shi ne ko a kalla ko kada a kalla, kuma wannan amsar ta danganta da mai tambaya, don haka ka ambaci mutumin da kake nufi. Ga ɗalibin da ke koyon rubutun fim, irin na makarantar koyon fim da talabijin da ke nan Accra, wadda aka sani da NAFTI, zan ce ya kalli fitowar teburin sau uku yana lura da wanda aka nuna fuskarsa lokacin da wani ke magana. Ga wanda bai jure ganin azaba ba, zan gaya masa tun farko cewa akwai wurin karnuka da wurin da aka sa bayi biyu su yi kokawa har ɗaya ya mutu, kuma akwai kalmar cin mutuncin baƙar fata da ake ta maimaitawa daga farko har ƙarshe. Ga ƙanena da abokansa, waɗanda suka riga suka kalla suka yi tafi, na roƙe su su sake kallon minti arba'in na ƙarshe ba tare da taro ba, kowa ya rubuta sunayen waɗanda suka mutu da sunan wanda ya kashe kowannensu, sannan mu haɗu ranar Juma'a bayan la'asar mu gwada takardun.